Maƙogwaron Babur: Daga Filin Tseren Ingila Zuwa Dazukan Ƙanƙara da Faskari

A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji. Kwana shida bayan nan aka sako yara 344 ta ɓangaren Zamfara. Wata shida kafin wannan, a ranar 9 ga Yuni, an kashe gomman mutane a ƙauyen Kadisau na ƙaramar hukumar Faskari. A waɗannan hare-hare biyu, da waɗanda suka daɗe suna addabar Sabuwa da ƙauyukanta na iyakar Birnin Gwari, rahotanni sun sha maimaita magana ɗaya: a kan babura suka zo.

Wanda ya ji yadda ayarin babura ke fita daga daji ya aikata ɓarna ya ɓace kafin motar jami'an tsaro ta iso, zai iya zaton injinan nan an yi musu wani aiki na musamman, an buɗe su don su fi na kowa gudu. Akwai kuwa sana'a sananniya ta buɗe inji, mai shekaru kusan ɗari, wadda ake yi a kan hanyar da iska ke bi ta shiga cikinsa. Sai dai tarihin sana'ar, idan aka ajiye shi gefe da tarihin babur a kudancin Katsina, wani abu daban yake nunawa. Babur ɗin da ya mallaki wannan yanki, a hannun manomi da ɗan acaɓa da ɗan bindiga baki ɗaya, babur ne da masu ƙera shi suka matse wa maƙogwaro da gangan.

Kafin a gane dalili, sai an leƙa cikin injin.

Mutane sun saba cewa babur mai yake sha, amma abin da ya fi sha iska ce. Kafin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane kilo ɗaya nasa yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Ma'ana, litar fetur ɗaya tana neman kusan lita 9,000 ta iska. Mai ba shi da wuyar ƙarawa, a buɗe ƙofarsa kawai. Iska ce abin wuya, domin ba mai tura ta ciki sai nauyin sararin sama, a lokacin da fistin ya yi ƙasa ya bar gurbi a bayansa. Injin mai girman cc 125 da ke juyi 8,000 a minti ɗaya yana shaƙar iska sau 4,000 a wannan minti, kuma kowace shaƙa ana yin ta ne cikin ɗan lokacin da ido ba ya iya ƙiftawa a cikinsa. Duk abin da ya tare wa iskar hanya a wannan ɗan taƙi ya rage wa injin ƙarfi.

Hanyar tata kuwa ga ta. Iska na shiga ta matatar iska, ta wuce kafireta inda take ɗibar fetur, ta bi ta wani gajeren bututu na roba ko na alminiyon wanda makanikai ke kira manifol, sannan ta shiga ramin da ke cikin kan silinda, ta lanƙwasa, ta ratsa gefen bawul, ta faɗa kan fistin. Shi kan silinda zubi ake yi masa a masana'anta, kuma zubi ba ya rasa kaushi da ɗan tudu. Manifol kuma daban ake ƙera shi, don haka ba kullum bakinsa ke zama daidai da bakin ramin ba. Inda suka saɓa, sai a sami ɗan gefe ya tsaya a gaban iska kamar dutse a tsakiyar kwata, ta yi karo da shi ta hargitse. Sana'ar da ake magana a kai rassa biyu gare ta: daidaita bakin manifol da bakin rami har su zama kamar bututu ɗaya, da kuma sassaƙa ramin kansa a gyara masa siffa.

Wanda aka fi danganta wa mayar da wannan aiki ilimi shi ne Harry Weslake, Bature ɗan garin Exeter a Ingila, wanda aka haifa a 1897 ya rasu a 1978. A shekarun 1920 yana hulɗa da masu tseren babur a filin Brooklands, sai ya lura cewa injina biyu na kamfanin Sunbeam, ƙira ɗaya, awo ɗaya, ba sa ba da ƙarfi ɗaya. Mahaifinsa yana aiki ne a kamfanin da ke ƙera ma'aunin iskar gas, saboda haka tunanin auna iska ba baƙo ba ne a gidansu. Weslake ya shiga zuƙo iska ta cikin kan silinda yana auna yawan da ke wucewa, ya sassaƙa, ya sake aunawa. Kafin shi, ana gyaran rami ne da ido da zato. Bayan shi, an sami abin da ke ƙaryata zato, kuma ya ƙaryata da yawa.

Daga baya kamfanonin motoci irin su Jaguar da Austin suka nemi hannunsa. Amma labarin da ya fi kusa da Najeriya ya faru ne a Jamus ta Gabas, a kamfanin MZ na garin Zschopau, inda wani injiniya mai suna Walter Kaaden yake aiki a kan injin nan mai bugu biyu, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, mai fitar da shuɗin hayaƙi. Irin wannan injin ba shi da bawul. Ramuka ne a jikin silinda, fistin ke buɗe su ya rufe su yayin hawa da sauka. Kaaden ya gano cewa tsayin ramukan da siffar salansa, idan aka daidaita su, suna sa hayaƙin da ke fita ya jawo sabuwar iska, sa'an nan ya dawo da wadda ta zarce. Zuwa 1961 ya fitar da ƙarfin doki 25 daga injin cc 125, abin da ba a taɓa gani ba a injin da ba a dura wa iska da famfo. A wannan shekarar mahayinsa Ernst Degner ya tsere daga ƙasar gurguzu ya koma Suzuki da abin da ya sani, kuma a 1962 ya ci wa kamfanin na Japan gasar duniya ta ajin cc 50. Ƙananan baburan Suzuki masu bugu biyu da suka cika titunan Arewa daga baya, da Jincheng ta Sin da ta kwaikwayi samfurin AX100, sun fito ne daga gidan da ya ci wannan gado.

Abin da masu tsere suka koya cikin waɗannan shekaru ya saɓa wa hankalin farko ta fuskoki da dama, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan dakata.

Kowa zai ɗauka cewa girman rami shi ne ƙarfin inji. Ma'auni ya nuna akasin haka. Iska tana da nauyi, kuma idan tana tafe da sauri a cikin matsattsen rami, ba ta tsayawa nan take; tana ci gaba da cusa kanta cikin silinda ko da fistin ya fara komawa sama. Wannan cusawar ita ke cika silinda. Idan aka faɗaɗa ramin fiye da kima, saurin iskar ya ragu, sai injin ya zama ba ya farkawa sai an murɗa masa totur har ƙarshe. A filin tsere wannan ba laifi ba ne, tun da can ake zama. Amma a giya ta ɗaya ko ta biyu, da kaya a baya, a gaban tudu, injin da aka yi wa haka sai ya riƙa shaƙewa kamar mai ciwon asma. Ƙarfen da aka kankare kuma ba ya komawa. Garin neman gira ake rasa ido.

Haka zancen santsi. Ramin fitar hayaƙi ana iya goge shi ya yi ƙyalli, don kada baƙin toka ya manne. Ramin shigar iska kuwa, a injin da ke da kafireta, ɗan kaushi ake bar masa, domin fetur ɗin da iska ke ɗauke da shi feshi ne, kuma bango mai santsin madubi yana sa feshin ya taru ya kwarara maimakon ya kasance gauraye da iska. Sannan ba a bakin rami ne riba take ba. Mafi yawanta tana can ciki, a lanƙwasar da ke dab da bawul da kuma mazaunin bawul ɗin, wanda gwanaye ke yanka wa kusurwa uku, yawanci digiri 30 da 45 da 60, don iska ta zame ba tare da karo ba. Daidaita bakin manifol kaɗai, a kan ƙaramin inji da ba a taɓa komai nasa ba, ribarsa kaɗan ce, har ba lallai mahayi ya ji ta a jikinsa ba.

Na ƙarshe shi ne mafi haɗari. In aka ƙara iska ba a ƙara mai daidai da ita ba, haɗin ya tsinke, kuma tsinkakken haɗi zafi yake ƙonewa. A babur ɗin da iska ce kawai ke sanyaya shi, cikin zafin Afrilu, wannan na ƙarewa ne da ƙonannen bawul ko fistin da ya huje. In kuma aka ƙara man yadda ya kamata, to tanki zai riƙa ƙarewa da wuri. Ƙarfin da ake samu ta wannan hanya ana biyan kuɗinsa ne da mai da kuma tsawon ran inji.

Wannan ciniki ne kamfanin Honda ya duba ya ƙi shiga, a lokacin da ya tashi ƙera babur don ƙasashe matalauta. A 1974 ya tura injiniyoyinsa su zaga ƙasashe irin su Tailan da Indunusiya da Filifin da Pakistan, su ga abin da ke kashe baburansa. Suka tarar ana hawa mutum huɗu ko fiye a babur ɗaya, ana barin baƙin mai har ya zama kamar kwalta, matatar iska ta toshe da ƙura ba mai dubawa, kuma ba a kai babur wurin gyara sai ya tsaya cik. Amsar da suka bayar ita ce CG125, wanda ya fito a 1975: inji mai bugu huɗu, mai sauƙin ƙira, mai matatar soso da ake wankewa a mayar, da ƙarfin da bai wuce doki 11 ba. A kwatanta da doki 25 na Kaaden a girman inji ɗaya, shekara goma sha huɗu kafin nan. Honda ta san hanyar samun wancan ƙarfin sarai, domin ita ma ta ci gasar duniya a 1961. Barin sa ta yi, ta zaɓi ƙaramar kafireta da matsattsen rami, waɗanda ke ba da ja tun daga ƙasa, da tsimin mai, da jure wulaƙanci. Masana'antun Sin sun kwafi wannan inji ba adadi, kuma jikokinsa suna nan ƙarƙashin sunaye iri-iri a kowace tashar acaɓa.

Ita kuwa ƙasar da ake magana a kai, kamar don ita aka yi wannan ƙira. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙasar noma ce, ta auduga da dawa da masara, wadda tun zamanin Turawa take kallon Funtuwa, inda layin dogon Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa a ƙarshen shekarun 1920. Daga ƙauye zuwa tasha, jaki ne da kan mutum, daga baya keke. A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, wanda ya haɗa da ƙasashen Faskari da Ƙanƙara. Ya zo da taki da irin masara da hanyoyin burji, da malaman gona masu yawo a kan babur. Honda ta kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun a 1979. A wancan lokaci babur kayan ma'aikaci ne, na malamin makaranta da malamin asibiti, ana goge shi da tsumma kowace safiya.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ne ya sauya masa matsayi. Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari jama'a, motocin haya suka tsufa ba madadi, sai babur ya zama abin neman abinci. Daga ƙarshen shekarun 1990 baburan Sin masu araha suka kwararo, sannan Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya ta zo da injin cc 100 mai ƙarfin doki wajen takwas da doguwar kujera, ta kwace kasuwar acaɓa. Honda ta mayar da martani a 2011 da samfurin Ace CB125, wanda aka harhaɗa a Najeriya aka sa masa farashi kusan naira 100,000 don 'yan acaɓa. Babu ɗaya a cikinsu da za a kira babur ɗin tsere. Dukansu an yi su ne don su ɗauki buhun masara biyu, ko mai naƙuda da mai riƙe ta, su ratsa yashin rafi su hau gaɓa.

Abin baƙin cikin shi ne waɗannan siffofi su ne kuma ɗan bindiga ke nema. A dajin Rugu ko na Kogo babu inda za a yi gudun kilomita ɗari a sa'a. Abin da ake buƙata shi ne babur ɗin da zai ɗauki mutum uku da makamai, ya bi sawun shanu inda mota ba ta shiga, ya yi nisa da mai kaɗan tun da fetur sai an yi fasa-ƙwaurinsa a jarka, kuma in ya lalace a iya gyara shi a gindin bishiya. Shi ya sa wani samfurin Honda ya yi suna a Arewa maso Yamma har jama'a suka laƙaba masa Boko Haram, kuma shi ya sa masu garkuwa da mutane suka riƙa haɗa sababbin babura a cikin kuɗin fansa. Injin da aka buɗe irin na tsere, mai ƙara da shan mai da gajeren rai, a daji kaya ne.

Hukuma ta fahimci cewa babur ne ƙafar ɗan bindiga, sai ta nufi ƙafar. A watan Mayu 2019 rundunar sojan ƙasa ta haramta hawa babur a dazukan jihohi bakwai, har da Katsina. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da suka haɗa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, ta hana goyon uku, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma hana aikin baburan haya daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomin da ke bakin daji. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, waɗannan uku na ciki. A Yulin 2022 har Majalisar Tsaro ta Ƙasa ta ce tana duba yiwuwar hana babur a duk faɗin Najeriya.

Ba a rasa hujja a matakan ba. Jarkar fetur da gaske ita ce numfashin sansanin daji. Amma tun da babur ɗin ɗan bindiga da na manomi abu ɗaya ne har zuwa kusoshinsa, babu dokar da za ta iya kama ɗaya ta bar ɗaya. Mai bin doka shi ne ya ajiye mashin da magariba, shi ne ya rasa man injin ban-ruwa, shi ne ya rasa abin da zai kai mara lafiya asibiti da dare. Wanda aka yi dokar dominsa dama ba ya tsayawa a shingen bincike. A wurare da yawa an bar jaki ana dukan taiki. Bakanike ma ya shiga tsaka mai wuya, domin 'yan sanda sun sha gabatar da masu gyaran babur cikin waɗanda ake zargi da yi wa 'yan bindiga aiki, alhali sana'ar ba ta da hanyar tambayar inda babur ya kwana. Da Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar a Oktoba 2023, cikin kayan aikin da aka raba mata akwai ɗaruruwan babura. Hukuma ta dawo kan abin da dajin ya daɗe da tabbatarwa, cewa ba a bin babur sai da babur.

To ina sana'ar Weslake a cikin wannan duka? Tana nan, amma a wata siffa da shi kansa ba zai yi tsammani ba. A rumfar bakanike, saɓanin bakin manifol da bakin rami ba daga kuskuren zubi kaɗai yake zuwa ba. Daga kasuwar kayan gyara yake zuwa. Babur ɗin da ya shekara goma yana aiki da wuya a same shi da kayansa na asali. Kafireta ta wani kamfani ce, manifol na wani, kan silinda na wani, gasket kuma wataƙila da hannu aka yanka shi daga kwali. Kowanne ya ɗan saɓa da ɗan'uwansa. Gasket ɗin da ramin tsakiyarsa ya gaza na ƙarfen yana leƙowa cikin hanyar iska ya tare ta, kuma gyara shi da wuƙa aikin minti biyar ne. Inda gefen ƙarfe ne ya tsaya a gaban iska, sai a ɗora gasket mai kyau a zana da'irarsa, a bi layin da magagari da samfefa a hankali, ba a wuce shi ba, a wanke garin ƙarfen tas kafin a ɗaure, domin ƙwayarsa ɗaya in ta shiga silinda ta isa ta karce shi. In kuwa bakin manifol ne ya ɗan fi na ramin ƙanƙanta, gwanaye kan bar shi haka, tun da iska gangarawa take yi daga matsattse zuwa faffaɗa, ba ta karo da komai. Wannan aiki ba ya mayar da Boxer babur ɗin tsere. Yana mayar mata da dokinta takwas da ta fito da su daga masana'anta.

Tun daga 29 ga Mayu 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, wannan ƙaramin gyara ya ƙara daraja. Litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 a 2024. Ɗan acaɓan da ke jigila tsakanin Sheme da 'Yankara ba shi da buƙatar ƙarin gudu. Lissafinsa shi ne kilomita nawa lita ɗaya za ta kai shi. Babban maƙiyinsa a hanyar iska abu biyu ne. Na farko ƙurar hunturu, wadda ke toshe matata har injin ya riƙa shan mai fiye da kima. Wasu sai su cire matatar gaba ɗaya don babur ya ji daɗin ja, ƙurar ta shiga ta cinye ringi da silinda cikin 'yan watanni. Na biyu robar manifol, wadda zafi da mai ke busarwa har ta tsage a ɓoye, ta riƙa satar iskar da ba ta bi ta kafireta ba. Alamarta ita ce inji ya ƙi zama a silo, ya riƙa tashi da faɗuwa shi kaɗai, fulogi ya yi fari, kan silinda ya yi zafin da hannu ba ya kusanta. Bakaniken da ya san aikinsa yakan tayar da injin ya bar shi a silo, ya ɗiga ɗan fetur a mahaɗar robar, ya kasa kunne. In ƙarar ta sauya, ya gano tsagar.